Teburin da Ba a Goge Komai a Cikinsa

Kamfaninmu ƙarami ne, manhajojin lissafi da ajiyar bayanai muke rubuta wa masu kasuwanci. Duk aikin da muka karɓa, akwai tebur ɗaya da nake sa a gina tun kafin a zana fuskar manhajar, wato teburin tarihin canji, mai ajiye duk sauyin da aka yi wa bayanai a cikin rumbun bayanai (database). Da wuya kwastoma ya nemi shi da farko. Sai ranar da wani adadi ya sauya, kowa ya rantse ba hannunsa, sannan waya za ta fara ƙara.

Rumbun bayanai ba ya tuna jiya. Da ka ba da umarnin gyara, wato UPDATE, sabo ya hau kan tsoho, shi ke nan. Wasu kan ƙara gurbin "ranar gyaran ƙarshe" su ce sun gama. Wannan ya nuna an taɓa layin ne kawai, bai faɗi abin da ke ciki a da ba, kuma gyara na gaba zai binne shi.

Namu teburin ba shi da wani ado: sunan teburin da aka taɓa, lambar layin, ko ƙari ne ko gyara ko gogewa, tsohon bayani, sabon bayani, wanda ya yi, da lokaci a agogon UTC, ma'aunin lokaci na duniya. Tsoho da sabo a jsonb muke zuba su, wani nau'in gurbi mai ɗaukar bayanai kowane iri a dunƙule, wanda rumbun PostgreSQL ya zo da shi a sigar 9.4 cikin 2014. Saboda haka tebur ɗaya ya wadatar, ko an ƙara gurbi gobe ba abin da zai karye.

Inda muke yawan ja-in-ja da sabbin ma'aikata shi ne wa zai rubuta tarihin. Su a cikin manhaja suke so. Ni kuwa tiriga, wato ɗan umarni mai tashi da kansa, nake ɗanawa a cikin rumbun kansa, ta tashi duk sanda aka taɓa layi, ta kwashi OLD da NEW, wato tsohon bayani da sabo, ta ajiye. Dalilina ɗaya ne: wata rana wani zai buɗe rumbun kai tsaye ya "ɗan gyara wani abu", bai bi ta manhaja ba, kuma irin wannan gyaran ne aka fi bukatar sani. Sai dai a kula, TRUNCATE, umarnin share tebur gaba ɗaya, ba ya tayar da tirigar gogewa ta layi-layi, tasa daban ake yi masa.

Gurbin "wa ya yi" shi ne mai cin rai. Manhaja da asusu ɗaya take shiga rumbun, ko ma'aikata nawa ne ke aiki, don haka in ka tambayi rumbun suna ɗaya zai riƙa maimaita maka. Dole manhajar ta miƙa sunan mutumin a farkon kowace ma'amala, mu da umarnin set_config na PostgreSQL muke yi, a kuma ɗaure shi da wannan ma'amalar kaɗai. In ba haka ba, tunda layukan haɗin manhaja da rumbu karɓa-karɓa ake yi da su, sunan wanda ya fita zai manne wa aikin wanda ya shigo. Gara a ce babu tarihi da a ce tarihin ya shafa wa mai gaskiya kashin kaji.

Ƙa'idar SQL (harshen ba rumbu umarni) ta 2011 ta tanadi tebura masu ajiye tsoffin sigoginsu da kansu, rumbun SQL Server ya kawo su a 2016, MariaDB kuma a sigar 10.3. Suna rage aiki sosai, amma abin da ya canza da lokacin suke riƙewa. Sunan mai hannu, kai za ka tanada.

Daga nan sai mu janye izinin gyara da gogewa a kan teburin tarihin daga asusun manhajar. Kalmar sirri ba ta shiga cikinsa ko kusa. Kuma da yake kullum ƙaruwa yake, har yakan fi ainihin bayanan girma, muna yanka shi wata-wata, mu zauna da kwastoma a rubuta a yarjejeniya shekara nawa yake so a riƙe kafin a kwashe tsofaffin zuwa ma'ajiya.