Yadda na bi sawun kalmar "acute" har na iske allura

Aikina fassara saƙonnin lafiya daga Turanci zuwa Hausa don rediyo, kuma babu kalmar da ta ba ni wuya kamar "acute". Yawancin masu fassara da sun gan ta sai su rubuta "mai tsanani" su wuce. Ni hankalina bai kwanta ba, domin a takardun tamowa ana jera ta da "severe", wadda ita ma tsanani take nufi. Me zai sa likita ya faɗi abu ɗaya sau biyu?

Sai na buɗe ƙamus na bi asalinta. Daga Latin ta fito, "acutus", abin da aka wasa har ya yi tsini, kuma tushensu ɗaya da "acus", wato allura. A ƙarni na 14 ta shiga Turanci, ta bakin likitoci kuwa: ciwon da ke sukar mutum farat ɗaya, ya kai maƙura cikin ɗan lokaci. Kishiyarta ita ce "chronic", ciwon da ya zauna ya daɗe. Ashe maganar saurin zuwa ce, ba ta nauyin ciwo kaɗai ba.

A asibitin yara na ga abin da idona. Ma'aikaciya ta naɗa tef ɗin awo a damtsen wani yaro, awon ya tsaya a kan launin ja mai nuna haɗari, ƙasa da santimita 11.5. Uwar ta ce, "Wallahi Malama, wata biyu da suka wuce da ƙibarsa, gudawa ce ta zuƙe shi." Wannan ita ce tamowar da ake kira "acute". Yaron da ya tsumbure a hankali cikin shekaru kuwa, tasa "chronic" ce, kulawarsu ma daban.

Sauran ma'anoninta ba su wahalar da ni ba. A lissafi, kusurwa ce da ba ta kai digiri 90 ba. Ga mutum kuma kaifin basira ne, kamar 'yar'uwarta "acumen", kuma mu ma da kaifi muke yabon ƙwaƙwalwa. Har "cute" ɗin da matasa ke rubutawa ƙarƙashin hoton jariri guntuwarta ce. A ƙarni na 18 mai wayo take nufi.

Yanzu idan ta zo min a saƙon tamowa, "ramewar farat ɗaya" nake rubutawa, in ƙara da cewa a kai yaro asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa.