Alat ba kuɗi ba ne

Ina sayar da wayoyi na hannu a Farm Centre, nan Kano, kuma duk daren Juma'a nakan buɗe gwanjo a wani zauren WhatsApp. In ɗora hoton waya, a yi ta tayi, wanda ya fi kowa zuwa ƙarfe goma shi ke da kaya. Tayin ba ya ba ni wahala, wajen biya ne ake samun ƙura.

Mutum zai ci gwanjo ya turo hoton rasit, ga sunana, ga lambar asusuna, ga tambarin banki raɗau, sannan ya ce mai adaidaita sahu na bakin kasuwa yana jira, a miƙa masa wayar. Wani ma har tes zai shigo mini kamar daga banki. Irin wannan rasit ɗin, yaro mai wayar Android zai haɗa shi kafin shayi ya huce. Ni dai sai na buɗe manhajar banki na ga kuɗin sun zauna. Idan ya ce, "Netwok ne Alhaji, zai shigo," sai in ce to madalla, in ya shigo mai adaidaitan ya dawo. Akwai kuma mai cewa ya yi kuskure, ya tura dubu 200 maimakon 180, a taimaka a mayar masa da ragowar. Ko sisi bai turo ba. Dubu 20 ɗinka yake so, ya haɗa da wayar.

Masu saye su ma ba su tsira ba, musamman a gwanjon kwastam. Hukumar tana da gwanjon intanet na gaske, ta fara shi a 2017 zamanin da Hameed Ali ke shugabancinta, aka sake buɗe shi a Janairun 2024, kuma a shafinta ake rajista da lambar biyan haraji. Amma wancan mai hoton kaki a Facebook, da ke tallan Hilux a kuɗin babur, yana cewa a tura kuɗin fom asusun wani mutum, ɗan damfara ne. Bayan fom sai kuɗin fito da mota, sai na direban da zai kawo ta daga bodar Seme, daga nan lambarsa ta daina shiga. Abin haushin, masu ilimi ne suka fi faɗawa, don suna ganin sun samu hanya.

Ƙanena da ke Ingila shi ke saro mini wasu wayoyin a eBay, wani shafin gwanjo na intanet. Can ma 'yan damfara sukan ce a bar eBay a biya ta PayPal, wata manhajar tura kuɗi, a matsayin kyauta ga ɗan uwa ko aboki, wai za a yi ragi. Kuɗin da aka tura ta nan ba su da kariyar mai saye, in kwali ya zo fanko ba inda za ka kai ƙara. Na ce masa ko ragin fam 30 ne ya bar musu.