Haɗa fayilolin bayanan manoma idan ginshiƙansu sun saɓa

Bayanan da nake aiki a kansu na manoma ne a ƙauyukan Auyo, Kafin Hausa da Malam Madori a jihar Jigawa. Da waya ake ɗaukarsu ta fom ɗin KoboToolbox, zagaye ɗaya bayan girbin damina, wani kuma lokacin noman rani. Fom ba ya zama yadda aka fara shi. Bana a ƙara tambaya kan taki, baɗi a cire ta maganin feshi, inda cajin waya ya ƙare kuma a cike takarda a zo a shigar a Excel. Ranar nazari sai a ce a mayar da su duka fayil guda a R, manhajar nazarin alƙaluma.

Umarnin rbind ba ya yarda ya jera fayil a ƙarƙashin fayil idan yawan ginshiƙai ko sunayensu bai zo ɗaya ba. Tsayawa yake yi ya yi ƙorafi, kuma ni ina ganin alheri ne. Wanda nake taka-tsantsan da shi shi ne bind_rows na dplyr (ƙunshin ƙarin umarnai na R), domin shi ba ya musu: yana bin suna, inda bai samu ba ya cike da NA, alamar babu amsa, ya wuce. R tana bambanta babban baƙi da ƙarami, saboda haka girbi_kg da Girbi_kg za su fito ginshiƙi biyu, kowanne rabinsa wayam, ba tare da gargaɗi ba. Haka concat na pandas yake yi a Python.

Shi ya sa kafin komai nake gwada sunayen ginshiƙan fayiloli biyu da setdiff, umarnin da ke fitar da abin da ke ɗaya babu a ɗayan, daga na farko zuwa na biyu, sannan in juya. Abin da ya fito sai in zuba shi a ƙaramin jadawali: tsohon suna, sabon suna, fayil ɗin da ya fito, ma'auni, da ma'anar lambobin amsa. Daga jadawalin nan ake sauya suna, ba da hannu a Excel ba, don gobe wani ya iya bin sawu. Kobo yana iya liƙa sunan rukunin tambaya a gaban sunan ginshiƙi, amma ana kashe wannan tun wajen sauke fayil.

Sai nau'in abin da ke ciki. Ina karanta kowane fayil da read_csv in tilasta komai ya shigo a matsayin rubutu, sai bayan haɗawa in mayar da shi lamba ko kwanan wata. Lambar waya idan aka ɗauke ta a matsayin adadi sifirin farko ɓacewa yake yi. Mutum ɗaya kuma ya rubuta "12 da rabi" a gurbin buhuna, ginshiƙin gaba ɗaya ya koma rubutu, bind_rows ya ƙi haɗa shi da na lamba. as.numeric zai mayar da amsar NA, parse_number kuma zai ɗauki 12 ya yar da rabin. Dole a zaƙulo irin waɗannan layuka a gyara su ɗaya bayan ɗaya. Masu amfani da manhajar Stata su kula da zaɓin force a umarnin append: ƙorafin zai tafi, amma amsoshin fayil na biyu a wannan ginshiƙin za su koma babu.

Inda aikin yake da gaske shi ne sunan ya zo ɗaya amma abin da ake nufi daban, don nan kwamfuta ba ta da ta cewa. Ginshiƙin "girbi" a wani fayil buhu ne, a wani kilo, a na gero da dawa kuma dami. Buhun shinkafa shanshera ba nauyinsa ɗaya da na gyararriya ba, tiya ma ta wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba. Girman gona wani ya rubuta eka, wani kadada, alhali kadada ɗaya kusan eka 2.47 ce. Jinsi a fom ɗin damina 1 namiji 2 mace, a na rani 0 da 1. Duk waɗannan za su haɗu lami lafiya, sakamakon ne zai zama shirme. Abin da nake yi shi ne in sa .id a bind_rows don kowane layi ya riƙe sunan fayil ɗinsa, sannan in duba mafi ƙanƙanta, matsakaici da mafi girma na kowane ginshiƙi fayil-fayil. Idan matsakaicin wani ya ninka na ɗan'uwansa sau da yawa, ma'auni nake fara zargi kafin in yaba wa manoma. Nauyin buhu kuwa ba a tebur ake yanke shi ba, malamin gona na yankin ake tambaya ko a ɗora a sikeli, kuma ina barin ainihin amsar a ginshiƙinta, lissafin kilo a wani dabam.

NA ɗin da haɗawa ta haifar ma'anarsa ba a yi tambayar a wannan zagayen ba. Ba ya nufin manomin bai sa taki ba. Wanda ya cike shi da sifiri ya ja matsakaici ƙasa da hannunsa.

Idan kuma gefe da gefe za a haɗa, wato a liƙa bayanan rani a kan na damina na gida ɗaya, lambar gida ce makulli. Suna ba ya yi, domin a ƙauye guda ana samun mutane masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Sunan wuri ma haka: K/Hausa da Kafin Hausa, Mallam Madori da Malam Madori. Ƙananan hukumomin Jigawa 27 ne, ƙirga ya nuna maka 31 ka san rubutu ne ya rarrabu. Haruffa masu lanƙwasa irin ƙ, ɗ da ɓ suna dagulewa idan ba a ajiye fayil a tsarin UTF-8 ba. Kafin left_join, umarnin haɗawa gefe da gefe, ina gudanar da anti_join ta ɓangarorin biyu in ga gidajen da ba su sami abokin haɗi ba. Tun fitowar dplyr 1.1.1 a 2023 ana iya sa relationship = "one-to-one", aikin ya tsaya idan wata lamba ta maimaitu. A tsohuwar siga sai dai a ƙirga layuka da nrow kafin haɗawa da bayanta, idan sun ƙaru a koma neman lambar da aka ba gida biyu.