Tankin mai na ƙarƙashin ƙasa ba aikin 'yan gwangwan ba ne

Tun da anka cire tallafin mai a 2023 ƙananan gidajen mai da dama sunka rufe, ko nan Sakkwato idan ka zaga za ka gan su, famfo ya yi tsatsa awaki na kwance ƙarƙashin rumfa. Masu wurin kuma so suke su maida shi shaguna ko plaza. Rushe ginin sama ba wuya, katafila ta gama. Rigimar tana ƙasa, tankuna biyu ko uku a binne, kowane na cin lita 33,000 ko ma 45,000.

Kawuna ya sayi irin wanga wuri, nan da nan 'yan gwangwan sunka zo wai za su tono su yanka su kwashe har su ba shi kuɗin ƙarfe. Na ce Kawu don Allah a dakata. Tankin da babu mai ciki ya fi cikakke haɗari wallahi, saboda tururin fetur ya fi iska nauyi, yana nan kwance ciki tare da dagwalon da ya taru a gindi ko an shekara ba a zuba mai ba, tartsatsi ɗaya daga injin yanka ko wutar walda ya isa, balle a zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40.

To ina ake samun wanda ya iya? Masu girka tankuna a sababbin gidajen mai su za ka nema, mai binnewa shi ya san tonowa. Tambayi 'yan IPMAN, ƙungiyar dillalan mai masu zaman kansu, wa ke musu aiki, sannan ka leƙa ofishin NMDPRA, hukumar gwamnati da ke kula da harkar gidajen mai tun 2021, ka sanar da su, haka ma 'yan kwana-kwana.

In ɗan kwangila ya zo bari shi ya yi bayani da bakinsa. Na ƙwarai zai ce sai an zuƙe dagwalon, an cire bututai, an wanke, an kori tururin da ruwa ko iskar naitirojin, an auna da mita ko akwai sauran tururi kafin ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Wanda ya ce "Alhaji ai ba komai, mun saba", sallame shi kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙasar ramin. Da anka ɗaga na Kawu, gefe ɗaya ƙasar ta yi baƙi tana wari har ido na yaji, ashe ya daɗe yana yoyo, ga maƙwabta da rijiyoyi da bohol, yara na sha. Irin wagga ƙasa tifa ke kwashe ta, ba a maida ta rami, sai a ciko da sabuwa ana dannewa kaɗan-kaɗan don kada gini ya nutse daga baya.

Ku rubuta komai a takarda, har da wa ke da ƙarfen da inda za a kai dagwalon. Kuma a gama kafin ruwa ya sauka a Yuni, rami a damina zubewa yake.