Yadda na rage kuɗin maganin mahaifiyata a Makka

Mahaifiyata tana fama da hawan jini da ciwon sukari da yawan kitse a jini, kuma tun da ta dawo hannuna a gidanmu da ke kusa da Shari'u Mansur, ni nake sayen maganinta duk ƙarshen wata. Inshorar wurin aikina ba ta haɗa da ita ba, saboda haka kowane riyal daga aljihuna yake fita. Na fi shekara biyu ina kwasar tsofaffin kwalaye zuwa saidaliyya, wato kantin magani, in ce a ba ni irinsu sak, domin a ganina sauya kwali wasa ne da ran tsohuwa.

Wata rana bayan sallar isha'i, mai saidaliyyar, wani Basudane ɗan asalin Mai Wurno da muke gaisawa da Hausa, ya ga ina ƙirga kuɗi ina sake ƙirgawa, sai ya ce, "Malam, me ya hana ka karɓar badil?" Badil shi ne maganin da wani kamfani ya yi da sinadari iri ɗaya da na asali. Ya juya kwalin Lipitor, maganin kitsen jini, ya nuna mini ƙananan haruffan da ke ƙasan babban sunan, wato atorvastatin, ya ce wannan shi ne ainihin maganin, na saman kuwa sunan kasuwa ne. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana samun kariyar doka ta shekara 20 daga ranar da ya nemi haƙƙin mallaka, kuma idan wa'adin ya cika, kamar yadda na Lipitor ya cika a Amurka a 2011, wasu kamfanoni suna da damar yin nasu. Suna sayarwa da sauƙi ne domin ba su ne suka ɗauki nauyin binciken farko ba. A nan Saudiyya akwai masu yin badil irin su SPIMACO a Ƙasim, da Jamjoom a Jidda, da kamfanin Tabuk, kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasa ba ta yi wa badil rajista sai an nuna cewa yana shiga jini da yawa da kuma sauri daidai da na asali. Hukumar ce kuma ke yanke farashi, abin da ya nuna mini cewa yawon da na riƙa yi daga wannan saidaliyya zuwa waccan ina neman rangwame wahalar banza ce.

Ban sauya komai a daren ba, sai da na koma wurin likitarta. Ta amince a sauya atorvastatin da metformin na sukari da amlodipine na hawan jini, ta rubuta su da ainihin sunayensu, ba na kasuwa ba, amma ta hana a taɓa levothyroxine da Hajiya ke sha saboda maƙoƙo, domin irinsa ɗan bambanci kaɗan yana iya bayyana a gwajin jini, gara a tsaya ga kamfani ɗaya. A watan farko kuɗin ya sauka sosai, har rarar ta isa sayen tsinken gwajin sukari.

Kuskuren da ya biyo baya nawa ne. Na kawo sababbin kwalaye na ajiye kusa da ragowar tsofaffin ba tare da na yi bayani ba, ita kuwa Hajiya ba ta karanta boko, da launi da siffa take gane maganinta. Ta ɗauka likita ce ta ƙara mata wani sabo, sai ta riƙa haɗa amlodipine na tsohon kwali da na sabon tana sha tare. A rana ta uku ta ce mini, "Ɗan nan, jiri nake gani in na miƙe." Da muka auna jininta ya yi ƙasa ƙwarai, muka garzaya asibiti, Allah ya taƙaita abin bai wuce nan ba.

Tun daga lokacin ba na shigar da sabon kwali ɗakinta sai tsohon ya ƙare, ina rubuta amfanin kowane magani da ajami a jikinsa, kuma ina roƙon mai saidaliyya ya riƙa ba ni badil na kamfani ɗaya kowane wata don kada launin ya sauya mata. Gwajinta na bayan wata uku ya fito kamar na da, ko da yake har yanzu takan ce tsohon farin nan ya fi daɗin haɗiya.