Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da na kai Gizo Kent

A makon jiya na tsaya a inda injin jif ɗina, wadda nake kira Gizo, ya tashi, bayan shekara uku ina fama da shi a ɗan garejin da nake haya a kudancin Landan. To yau ga labarin ranar da na fitar da ita bainar jama'a.

Willys MB ce ƙirar 1943, silinda huɗu, giya uku, babu ƙofa ko ɗaya. Tsohuwa ce, ba a matsa mata, don haka muna idar da sallar asuba ni da ɗana muka bi ƙananan hanyoyi a hankali zuwa Hop Farm da ke Beltring a yankin Kent, inda a lokacin ake baje kolin tsofaffin motocin soja a watan Yuli. Sau biyu muna tsayawa in duba ruwan lagireto.

Da muka shiga filin sai na ji gabana ya faɗi. Ga tankokin Sherman suna tayar da ƙura, ga manyan motocin GMC da Bedford, ga jif iri ɗaya da tawa jere har ido ya gaji, kusan kowacce da farin tauraron Amurka a kan bonet. Tawa kuwa abin da na zana mata a bamba shi ne baƙin gizo-gizo a kan rawaya, tambarin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Najeriya a 1943.

Kakana a cikin wannan runduna ya yi yaƙin Bama. Bai taɓa tuƙa mota ba, Allah Ya jiƙansa. Ɗan dako ne, da gammo a ka, yana ɗaukar harsashi da abinci a dajin Kaladan inda mota ba ta shiga, sai jirgin sama ya jefo musu kaya su tsinta. Su ne suka sare daji da adda da diga suka buɗe wa jif hanya a kan duwatsu. Muna yara a Kaduna muna wuce barikin Dalet kullum, ban san sunan daga Bama ya samo asali ba sai da na girma.

Tun safe mutane ke zuwa suna leƙa injin, suna tambayar kafireta da lambar bodi. Gizon kuwa wasu suka ɗauka ado ne. Na yi bayani har muryata ta dushe, kuma gaskiya abin ya yi mini ciwo, mutanen da suka san lambar kowane ƙusa a jikin Sherman ba su taɓa jin cewa dubban 'yan Afirka sun yi yaƙi da Japan ba.

Wajen la'asar wani dattijon Bature mai sanda ya tsaya a gaban motar. Ya daɗe yana kallon bamba, ya duƙa da ƙyar ya shafa fentin da yatsa, ya ce na yi daidai da na juya kan gizon ƙasa. Sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, da Hausa, "Sannu da aiki."

Wallahi sai da na dafa sitiyari. Ɗana ya dube ni ya ce, "Baba, Hausa yake yi?"

Ashe mahaifinsa hafsa ne a rundunar, kuma a lokacin da Hausa ake ba sojojin Najeriya umarni, dole hafsoshi su koya. Ya ce har tsohon ya rasu, da wannan gaisuwar yake tarbar su a gida. Na ba shi kujerar gaba ya zauna, na zuba masa shayi daga filas. Kafin ya tafi ya ce akwai wata akwatin ƙarfe a gidansa cike da hotunan Kaladan, da sunayen sojoji a bayan wasu, ya rubuta mini adireshinsa a bayan tikitin shiga.

Zuwana gidan nasa, da abin da na gani a cikin akwatin, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.