Yadda na zaɓi direban golf a Achimota

Da zarar handikaf ɗin mutum (lambar auna gwanintar ɗan golf, mai raguwa idan ya ƙware) ya sauko ƙasa da 10, sai masu ba da shawara su yi masa caa, wai lokaci ya yi da zai ajiye direban 'yan koyo, wato sandar bugun nesa, ya ɗauki na ƙwararru. Ni ma haka aka yi mini a filin golf na Achimota, a Akra. Abin da ake nufi shi ne samfurin da aka matso da nauyin kansa gaba, kusa da fuska, don ya rage juyin ƙwallo a iska. Kamfanin Ping na kiran nasa LST, Callaway kuma Triple Diamond, TaylorMade ya sa wa nasa LS. Dokar R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf, ta tsayar da girman kan sanda a sisi (cc, ma'aunin girma) 460, amma wasu daga cikin waɗannan ba su kai ba, G430 LST ma 440 ne. Ka same shi a tsakiya, ƙwallo ta tafi kamar kibiya. Ka kuskure kaɗan, ba ya yafiya.

A Akra da wuya ka samu inda za a jera maka ƙota iri-iri ka gwada son ranka, don haka aro na shiga yi. Wani dattijo, ɗan unguwarmu Nima, ya ba ni nasa irin na ƙwararru mai digiri 9 (kwanciyar fuskar sanda, wadda ke ɗaga ƙwallo sama), ya kuma haɗa ni da 'yar na'urarsa ta auna bugu. Ta nuna saurin sandata na kai-komo a mil 100 a awa. 'Yan gasar PGA ta ƙwararru a Amurka, matsakaicinsu ya haura 110. Wannan ratar ita ce maganar duka. Juyi ne ke riƙe ƙwallo a sama, kuma mai sauri irin nasu yana da shi har ya yi yawa, shi ya sa yake neman ragewa. Ni da na rage nawa, sai ƙwallon ta tashi ƙasa-ƙasa ta faɗo da wuri.

Abin da ke ruɗar mutane a nan shi ne hunturu. A Janairu ƙasa ta bushe ƙamas, ƙwallon da ta faɗo da wuri sai ta yi ta gangarawa, mai ita ya ɗauka direba ce ta ƙara masa nisa. Bari Yuni ya zo. Inda ta sauka nan za ta zauna, wani lokacin har da taɓo a jikinta. Dattijon ya ce mini: "Ɗana, kada ka yanke wa sanda hukunci sai ka buga ta da damina." Na ce to Alhaji, na kuwa jira ruwa. A ganina duk mai wasa a kudancin Gana, nisan da ƙwallo ke yi a iska ya kamata ya auna, gangara kyauta ce ta 'yan watanni.

Sai batun ƙota, wanda ya fi ba ni mamaki. Yawancin direbobin kanti suna zuwa da tsawon inci 45 da rabi ko fiye, alhali ƙwararru da yawa ba sa kai haka, kuma tun 2022 manyan gasa ke iya hana abin da ya wuce inci 46. Na barbaɗa hoda a fuskar sandar a wurin atisaye (a gasa haramun ne) don in ga inda nake dukan ƙwallo. Tabon ya watsu, ya fi yawa ta wajen dunduniya da ƙasa, inda juyi ke ƙaruwa, ƙwallo kuma ta karkata dama ga na-dama irina. Da na riƙe ta ƙasa da inci guda, sai tabon ya taru wuri ɗaya. Na sa aka rage ƙotar, aka manna ɗan tef na dalma a kai, don yankewa na sa kan ya yi sakayau a hannu.

Harafin R, S ko X da ke jikin ƙota kuwa, mai nuna taurinta, kada ka dogara da shi sosai. Babu ma'auni ɗaya da kamfanoni suka yarda da shi, S na wannan yana iya zama R na wancan. Nauyinta ya fi gaya maka gaskiya. Mai giram 60 da 'yan kai ce ta zauna mini.

A ƙarshe na tsaya kan kai cikakke mai sisi 460, digiri 10.5, ƙota S, irin wanda aka ce na wuce ajinsa. Na hannu na saya, cikin kayan da ake kawowa daga Ingila. Jabu sun yi yawa, saboda haka sai da na ajiye ta kusa da ta wani da aka saya a kanti, na duba fenti da rubutu, na saurari ƙararta. Ka kuma tabbata an haɗa maka da makullin juya wuyanta. Idan na je Royal Golf Club a Kumasi bayan ruwa, nakan ƙara mata digiri ɗaya tun a wurin ajiye motoci, don da zarar an fara zagaye doka ba ta yarda a taɓa saitin ba.